Gurbi a Waƙa ta Tara

Sau goma sha ɗaya Bakwaini ta shiga baitin nan tun safe, sau goma sha ɗayan kuma tana riga kiɗan. A na goma sha biyu Injiniya, mai situdiyon da ke ɗaukar musu murya, bai ma bari ta kai ƙarshen layin farko ba. Ya tsayar da kiɗan, ya danna maɓallin da ke kai muryarsa cikin hedifon ɗinta.

"Kin riga shi, ƙanwata."

"Na sani."

"Amma da kaɗan ne wannan karon."

"Kaɗan ɗin ma riga ce. Mayar da shi baya."

Tana tsaye ne a ɗan ɗakin ɗaukar murya, wanda yayanta ya raɗa wa suna akurki. Sunan bai zalunci ɗakin ba. An lulluɓe bangonsa da kiret ɗin ƙwai da soson tsohuwar katifa, makirfo ɗaya ne a tsakiya, sai wani ƙarfe mai tsayi da ake ɗora takardar waƙa a kansa. Mutum biyu in sun shiga, sai ɗaya ya riƙe numfashi kafin ɗaya ya juya. Yau ita kaɗai ce a ciki, amma duk da haka ta maƙale a gefen hagu, ta bar gefen dama fili, ba ta ma san ta yi hakan ba.

Ta cikin gilashi tana ganin kwalaye jibge a bayan Injiniya. Ya samu aiki a wani gidan rediyo mai nisa, gobe da safe mota za ta zo ta kwashe shi da kayansa. Rabin situdiyon ya riga ya shige kwali, kwamfuta da lasifika biyu da wayoyin akurkin kawai ya bari saboda ita. Waƙoƙi takwas na kundinsu na farko sun kammala, an gyara su tas. Ta tara ce ta rage, ita ce kuma ta ƙarshe da Yaya ya rera a duniya. Ya sa amshinsa a farko, ya sa a ƙarshe, ya bar wa ƙanwarsa gurbi a tsakiya. Yau mako uku ke nan da rasuwarsa, gurbin yana nan yadda ya bar shi. In ba ta cike shi yau ba, kundin zai fita da waƙa takwas, ta taran ta bi Injiniya cikin kwamfuta zuwa garin da ba ta taɓa zuwa ba.

Yaya mai gyaran firji ne, ya girme ta da shekara goma sha huɗu. Rabin sana'arsa jira ne. Zai zuba wa firji gas, ya jona wuta, sannan ya zauna a kan wani tsohon bokitin fenti ya kasa kunne, yana sauraren injin kamar mai jiran amsar gaisuwa. A cikin wannan jiran ya koyi jita, a cikinsa kuma kiɗan rege ya shige masa jini. Shekara ashirin yana cewa zai fitar da kundi, har maƙwabtan shagonsa suka mayar da abin gaisuwa. "Ina kwana, ya kundi?" Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce yana nan tafe.

Ita kuma sunanta ma ya ba da labarinta. Wata bakwai ta yi a ciki ta ce ta gaji, ta fito. Inna takan ce tun ranar ba ta ƙara ganin yarinyar nan ta jira komai ba, ko shayi da zafinsa take kurɓa tana zagin kofin. A shagon buga takardu take aiki, inda yatsunta ke gudu a kan kwamfuta har mai takarda ya tsaya yana kallo ya manta abin da ya kawo shi. Takardun neman aiki ta fi bugawa, na mutanen da ta san ba za a kira su ba. Daga nan baitocinta na hip-hop suka fito, masu zafi, masu gudu, kalma na taka kalma. Wata rana ta kai wa Yaya saƙon Inna a shago, ta tarar yana kaɗa jita, sai ta hau zuba baiti a kai don tsokana. Bai daina kaɗawa ba. Da ta gama ya dube ta ya ce, "Ashe ke nake jira, Autar Inna."

Sai dai haɗa kiɗan Yaya da bakin Bakwaini ba ƙaramin aiki ba ne, matsalar kuma a wuri guda take. Kiɗa ana ƙirga shi ne ɗaya, biyu, uku, huɗu. A hip-hop ɗin da ta tashi da shi, a kan ɗaya ake dira da ƙarfi, kowa ya san an iso. A rege irin na Yaya kuwa, ganga ba ta cewa komai a kan ɗaya, sai a kan uku take faɗowa. Yaya ya tsara waƙoƙinsu duka yadda in amshinsa ya ƙare, za ta bar ɗaya da biyu su wuce, ta shigo tare da gangar. "Ɗayan nan ba taki ba ce," yakan ce mata. "Ki bar ta ta wuce abinta." Kanta ya gane sarai, amma jikinta ya ƙi. Da ta ji wurin ya yi shiru sai bakinta ya faɗa ciki, in kuma ta shiga da wuri, duk baitin sai ya karkace, ya ƙare a inda bai kamata ba.

Maganin da Yaya ya samo ba ya cikin littafin kowane injiniya. Ya ce tare za su riƙa shiga akurkin, shi a dama, ita a hagu, makirfo ɗaya. In ya gama amshi sai ya ɗaga hannun hagunsa, ya jira, daidai kan uku ya sauke shi a kafaɗarta. Ita kuma ta rufe ido, ba ta ƙirga komai, hannun kawai take jira. Injiniya ya yi mita har ya gaji, ya ce ba haka ake aiki ba, kowa shi kaɗai ake ɗauka. Yaya ya ce to su haka suke nasu. Da wannan hannun aka yi waƙa takwas, babu wadda ta kuskure a ciki.

A kan ta tara suka ɓata. Ranar ta fito daga aiki a gajiye, kanta na ciwo, ga Yaya ya sa an maimaita amshi sau bakwai don wai sautin jitar bai kwanta masa ba. Ta ce a ɗauki nata ita kaɗai ta tafi, in ta riga kiɗan Injiniya ya ja muryar da linzamin kwamfuta ya ajiye ta inda ya dace, aikin minti ɗaya ne, kowa ma haka yake yi.

"Muryar mutum ba kujera ba ce da za a ja ta a gyara mata zama," in ji Yaya. "Ki jira, yanzu za mu shiga."

"Jira, jira, jira! Yaya, shekara ashirin kana jira, me jiran ya ba ka? Furfura?"

Ba ta yi niyyar faɗa da ƙarfi haka ba, amma bakin da ya saba riga kiɗa ya riga hankalinta. Injiniya ya sunkuyar da kai yana gyara wayar da ba ta lalace ba. Yaya ya shafa gemunsa inda furfurar take, ya jingine jitar. Ita kuwa ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar ƙofar a buɗe.

Kwana tara ta yi ba ta taka situdiyon ba. Yaya ya kira ta sau biyu, ta kalli wayar har ta gama ringi. Ba wai ba ta huce ba ne, tun kwana na biyu ta huce, kunya ce ta riƙe ta, da ɗan taurin kan 'yan auta. Kullum takan ce gobe. Ranar Talata ya je shi kaɗai ya rera nasa. Ranar Alhamis da hantsi ya tashi daga kan bokitin fentin zai duba wani firji, ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yarinyar da ba ta taɓa makara a komai ba, wannan karon ta makara, kuma ta san ba wanda ya sa ta sai kanta. Wannan sanin ne yake tashinta daga barci, shi ne kuma ya shiga akurkin tare da ita yau.

"Bari in riƙa ɗaga miki hannu ta gilashi," in ji Injiniya bayan karo na goma sha biyar. "In na sauke, ki shiga."

Suka gwada. Da ta ga hannunsa ya fara motsi sai ta faɗa, tun bai sauke ba. Ya gwada ƙirga mata da baki a hedifon, ta shiga a kan biyu. Ya sa mata ɗan ƙarar agogo a cikin kiɗan, ita ma ta tsallake ta. Muryarta ta fara dusashewa, rana ta karkata, wani ɗan haske ya shigo ta tagar bayan kwalayen ya kwanta a kan tebur.

"Ƙanwata, fito ki sha ruwa."

Ta fito ta zauna a kan kwali kusa da shi. Ya miƙa mata gora, ya jira ta sha, sannan ya yi gyaran murya irin ta mai shirin faɗar abin da ya san ba za a so ba.

"Karo na tara ya yi kyau, wallahi. Muryar ta fita, zafin yana nan. Bugu biyu kawai kika riga. In na kama shi na matsar da shi nan, ko ke ba za ki gane ba."

"Zan gane."

"Ba wanda zai ji."

"Injiniya, a kan wannan maganar na zage shi. Kana wurin. Yanzu don ba ya nan sai in yi abin da ya hana?" Ta ajiye gorar. "Gara a fitar da takwas."

Ta faɗa ne kawai, amma zuciyarta ba ta yarda ba. Inna ta ce mata da safe, tana ɗaura ɗankwali ba ta ko kalle ta ba, "Ki je ki ƙarasa wa ɗan'uwanki aikinsa." Da wane baki za ta koma ta ce ta kasa?

Ta zuba wa allon kwamfutar ido don kada ta kalli Injiniya. Ta saba ganin layukan nan: na ganga a sama, na jita, sannan na muryar Yaya, mai launin kore, ya yi tudu a farko, ya yi tudu a ƙarshe, tsakiya kuwa layi ne miƙaƙƙe babu komai. Sai dai yau da ta matso kusa, ta ga ba haka ba ne. A bakin gurbin, jim kaɗan bayan amshin ya ƙare, akwai wani ɗan ɗigo da aka mayar ruwan toka.

"Wancan fa?"

"Wanne?"

"Wancan ɗan tokan. A layin Yaya."

"Ƙara ce kawai. Na kashe ta."

Injiniya mutum ne mai tsabtar aiki har ta yi masa yawa. Tari, jan numfashi, motsin takarda, duk ba ya barin ko ɗaya ya kwana a waƙa, Yaya ma yakan ce da zai samu dama da ya share kukan tsuntsaye daga safiya. Don haka maganarsa ba abin mamaki ba ce. Abin da ya tsaya mata shi ne yadda ya yi saurin kai linzamin wani wuri, da yadda ya ƙi haɗa ido da ita.

"Kunna min."

"Ba komai ba ne fa, ƙanwata."

"To kunna min ba komai ɗin."

Ya yi ajiyar zuciya, ya danna ɗigon ya dawo kore, ya kashe ganga da jita, ya bar muryar Yaya ita kaɗai. Muryar ta cika ɗakin, mai kauri, ba ta sauri, tana jan ƙarshen amshin:

"Ba na gudu, hanya ta san ƙafata,
In na daɗe, ku bar min ƙofa a buɗe."

Sai shiru. Ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. A kan uku aka ji wani ɗan sauti, ƙwas, kamar an taɓa murfin tukunya da zobe. Bayansa Yaya ya ɗan ja numfashi ta hanci, shi ke nan.

"Mene ne wannan?" in ji ta, ko da yake jikinta ya riga ya ba ta amsa, don kafaɗarta ta dama ta motsa da kanta.

Injiniya ya cire tabarau ya murza idanunsa. "Ƙarfen takarda ne. Ranar Talatar nan da ba ki zo ba, na matsar da shi gefen hagu don ya samu wuri. Yana gama amshi sai ya ɗaga hannu yadda ya saba, ya sauke, zobensa ya bugi ƙarfen." Ya nuna ɗigon da yatsa. "Sau huɗu muka ɗauka, sau huɗu yana bugunsa. Na ce masa, Yaya, don Allah sa hannun nan a aljihu, kana ɓata min aiki. Ya yi dariya ya ce hannun ba ya jin magana, ya riga ya saba. Da muka gama na ce zan share, ya ce in bari tukuna, ai za ki zo."

"Shi ne ka ɓoye min?"

"Na ga halin da kike ciki. Na ce in kin ji wannan ba za ki iya buɗe baki ba." Ya mayar da tabaran. "Na yi zaton taimakonki nake yi. Ki yafe ni."

Kukan da ta riƙe tun safe, wanda ta riƙe a gaban Inna da matar Yaya da masu zuwa gaisuwa, ya ƙwace mata a kan kwalin nan. Kwana tara tana tunanin yana fushi da ita, mako uku tana tunanin da fushin ya tafi. Ashe yana tsaye a akurki yana miƙa hannu inda kafaɗarta take zama. Injiniya bai ce ta yi haƙuri ba, ya bar ta ta yi mai isarta, ya tashi ya shiga naɗe wata waya da ya riga ya naɗe.

Da ta natsu ta wanke fuska da sauran ruwan gorar, ta miƙe.

"Sa min shi a kunne. Ka ɗaga shi sosai, a ɓangaren dama."

Ta koma akurkin, ta tsaya a hagu. Ƙarfen yana nan a gefenta, ta ɗaga shi ta fitar da shi waje, don baitin yana kanta, ba ta buƙatar takarda. Ba wanda ta rubuta kafin su ɓata ba ne, wancan ta yaga shi. Ta gyara hedifon, ta rufe ido, ta daina ƙirga.

Ganga ta shigo, jita ta biyo ta a hankali. Yaya ya rera amshinsa a cikin kunnenta, kusa sosai, har tana jin inda yake haɗiye yawu. Ya kai ƙarshe. Wurin ya yi shirun nan da ya saba jan bakinta, ta ji shi yana jan ta, ta ƙyale shi. Ɗaya ta wuce abinta. Biyu ta wuce.

Ƙwas.

"Wata bakwai na yi na fito, ban iya jira ba,
Kwana tara na sa ka jira, ban iya zuwa ba…"

Ta tafi da shi har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Muryar a dushe take, a wuri biyu ta yi rawa, amma kowace kalma ta zauna inda ganga ta ajiye mata wuri. Layinta na ƙarshe yana sauka, amshin Yaya ya ɗauka daga bakinta, babu tazara, babu karo, kamar yadda suka yi sau takwas a baya.

Kiɗan ya ƙare. Injiniya ya kai hannu kan maɓallin magana. Da ya danna, sai da ya gyara murya sau biyu.

"Ya zauna, ƙanwata. Ko gashi ɗaya ba zan taɓa ba." Ya kai linzamin kan ɗigon. "Ƙarar ƙarfen fa? In kin ce a cire a wanda za a fitar, sai in…"

"Ka bar ta."

"Mutane za su ɗauka kuskure ne."

"Su ɗauka."

Ya gyaɗa kai, ya adana aikin, ya rubuta wa waƙar lamba tara. Kundin Yaya ya cika, bayan shekara ashirin da mako uku. Injiniya ya miƙe zai fara zare wayoyin akurkin, sai ya ga ba ta cire hedifon ba. Tana nan tsaye a gefen hagu, ido a rufe, ta ɗan karkatar da kafaɗarta ta dama.

"Mayar da shi baya," in ji ta. "Mu sake."

"Ai ya yi. Wallahi ba za ki yi wanda ya fi wannan ba."

"Na sani, Injiniya. Ba sai ka ɗauka ba. Daga ƙarshen amshin kawai."

Ya dubi kwalayen da ke jiransa, ya dubi hasken da ya bar tebur ya hau bango. Sannan ya koma ya zauna, ya ja linzamin baya zuwa inda Yaya ke cewa a bar masa ƙofa a buɗe, ya danna.